Tarihin Rayuwata, Kashi na 23: Jakar Takardu

Makon jiya na tsaya a rasuwar Kawu. Shekaru shida da suka biyo baya babu abin faɗa a cikinsu. Bari in zo kan lokacin da yaran gidanmu na titin Shari'a Mansur, nan Makka, suka fara neman jami'a, jakar takardu ta dawo hannuna. Inna, Allah ya jiƙanta, ko alif ba ta sani ba, amma maganarta ɗaya ce: ba a fafe gora ranar tafiya.

Jakar ta roba ce mai aljihuna. Aljihun farko na iƙama, wato katin izinin zama a Saudiyya, da fasfo, da takarda guda da aka rubuta ranar ƙarewar kowanne. Ɗan da aka haifa a nan gurbin karatu na cikin gida yake nema, wanda ake ce wa minha dakhiliyya, kuma sai da iƙama mai rai. Wanda ke Kano ko Damagaram na waje yake nema, tsarinsa daban: shekaru 17 zuwa 25, shahadar sakandare da ba ta wuce shekara biyar ba, sannan a wasu jami'o'in takardun Turanci ko Faransanci a fassara su zuwa Larabci.

Aljihu na biyu na suna ne, kuma nan Hausawa ke faɗuwa. Fasfo ya ce Abubakar, shahada ta ce Abu Bakr. Iƙama ta jera sunan yaro, na uba, na kaka. Fasfo ya sa na kaka a gaba. Ranar haihuwa ma haka: ɗaya Hijiriyya, ɗaya Miladiyya, in aka juya sai a samu saɓanin kwana guda. Tun yaro na ajin farko na sanawiyya, wato babbar sakandare, ake baje takardun a tabarma, a bi su harafi da harafi. Gyara na cin watanni, ƙofar rajista kuwa 'yan kwanaki take buɗe. Inna dai ta faɗa.

Sai jarrabawar Ƙiyas, cibiyar da ke shirya jarrabawar shiga jami'a a nan, guda biyu. Ƙudurat, ta harshe da lissafi, ana iya farawa tun aji biyu, a sake, a ɗauki maki mafi yawa. Tahsili tana aji uku: lissafi, fiziya, kimiya (kemistiri), ahya (ilimin halittu). Jami'o'i da dama a fannin kimiyya suna ba shahada kashi 30, Ƙudurat 30, Tahsili 40. Yaro mai 95 a shahada, 78 a Ƙudurat, 70 a Tahsili, 79.9 ya tashi da shi. Uwa na ta guɗar 95, ba ta san Tahsili ta riga ta ja shi ƙasa ba. Shi ya sa kowace jami'a ke da shafinta a littafina, Ummul Ƙura daban, ta Sarki Abdul'aziz ta Jidda daban: rabon kasonta, ranar buɗewa, ranar rufewa, kalmar sirri.

Kalmar sirrin nan ta tuna min da Yaya. Har yau cewa take ni na ɓata wa ɗanta shekara. To jama'a su ji. Na ce mata, "Yaya, lambar waya ɗaya za a sa, wadda ke kwana a gidan nan, don ta nan saƙon karɓa zai shigo, kuma sai an tabbatar cikin kwanakin da aka yanke." Ta ce, "Ke dai kin fiye iyayi." Ta sa tata, ta ɗauki wayar ta tafi biki Kano wata guda. Saƙo ya shigo, layi a kashe, gurbi ya wuce. Da Inna na raye da ta ja mata karin maganar gora a gaban kowa, ni kuwa ƙanwa ce, na haɗiye.

Tun daga nan nake ɗaukar hoton kowace takarda, in sa mata suna, in ajiye a waya biyu da imel. Jakar Yaya kuwa har yanzu ledar shinkafa ce a ƙarƙashin katifa. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, sai labarin auren Auta.