Wadda ke zaune a gefen gado

Ranar da na kai wa goggona takardar ɗaukata aiki, sai da ta sa aka karanta mata sau biyu. "Jami'ar walwala? To me za ki riƙa yi?" Na ce kula da marasa galihu a asibiti, yawancinsu tsofaffi. Ta riƙe haɓa ta ce, "Yanzu jinyar tsofaffin ma sai an je boko? Ni da na yi jinyar kakarki shekara shida, wa ya ba ni takarda?" Dariya na yi a lokacin. Yau shekarata 11 a aikin, maganar nan ba ta bar kunnena ba.

Ba na allura, ba na rubuta magani. Idan likita ya sallami tsoho mai shanyewar ɓarin jiki, nan nawa aikin yake farawa. Wa zai ɗauke shi? Wa zai riƙa juya shi duk bayan awa biyu, kada gyambon kwanciya ya fito? Kuɗin famfas ɗin manya daga aljihun wa? Sai in yini ina kiran 'ya'ya a waya, wannan yana Abuja, wancan yana Fatakwal, kowa na cewa, "Ai na turo kuɗi."

Bara aka kawo mana wata Iya da ta haura 80, gigin tsufa ya kama ta. Tsakar dare sai ta fito tana kiran mijinta da ya daɗe da rasuwa. Ta gama cin tuwo, ko hannu ba ta wanke ba, ta ce surukarta na horar da ita da yunwa. Maƙwabta sun fara ƙus-ƙus ɗin maita, dangin miji kuma sun hau kan zancen yunwar sun zauna. Surukar kuwa, yarinya 'yar shekara 26 da goyo, tana kan tabarma a gefen gado, kanta a ƙasa. Na ja ta waje na ce, "Ƙanwata, yaushe rabonki da barci?" Ba ta amsa ba, kuka kawai ta saka. Wata takwas ke nan da ta rufe keken ɗinkinta.

Na tara dangin, likita ya yi musu bayani cewa ciwo ne a ƙwaƙwalwa, ba sharri ba ne, ba kuma hannun kowa. Ina fara zancen raba jinya, babban ɗan ya taso mini: "Malama, so kike mu kai uwarmu gidan gajiyayyu?" Na ce, "Alhaji, Allah ya kiyaye. Kwana biyu a mako nake roƙa wa yarinyar nan." Sai da aka kai ruwa rana kafin yayyen mijin biyu suka karɓi Asabar da Lahadi.

A takarda dai ƙasar nan ta motsa. Asibitin koyarwa na Ibadan ya buɗe cibiyar kula da lafiyar tsofaffi tun 2012. A 2018 aka sa hannu a dokar kafa cibiyar tsofaffi ta ƙasa, ta fara aiki a 2021, kuma mace aka fara ba wa ragamarta, Dakta Emem Omokaro. Na ji daɗin wannan. Amma a ofishinmu mu bakwai ne, biyar mata, kuma kuɗin Adaidaita na zuwa duba maras lafiya a gida daga jakata yake fita. Idan aka zo rabon kujerun manya kuma, sai ka ga mazan sun fi yawa. Wannan zance ne na wata rana.

'Yan mata kan tambaye ni ko aikin yana da ci. Albashin ba zai sai miki mota ba. Sai kin iya durƙusa wa dattijo kina faɗa masa abin da ba ya son ji, ki kuma iya shanye zagin wadda ba ta san tana zagi ba.

Goggon tawa ma ta fara gigin tsufan. Watan jiya ta tambaye ni ko kakata ta sha koko. Ban jira a kira ni ba, na tara 'ya'yanta muka raba kwanaki tun matar autanta ba ta gaji ba. Alhamis ce tawa.