Kwana uku a Jaifur

Jirgin ƙasan asuba muka hau daga Delhi, ni da ƙanwata, kafin azahar mun sauka a Jaifur, babban birnin jihar Rajastan ta ƙasar Indiya. Ana yi masa kirari da birni mai ruwan hoda, amma ni jar ƙasa idona ya gani, kamar ta sabuwar tukunya. A 1876 aka shafe tsohon garin da wannan launi don tarbar yariman Ingila, shi ke nan ya zame masa kama.

Sarki Sawai Jai Singh na biyu ne ya kafa garin a 1727, bayan ruwa ya yi wa tsohuwar fadarsa ta Amber kaɗan. Mutum ne mai son lissafi da ilimin taurari. A Jantar Mantar, wurin nazarin taurarinsa, na yarda da hakan, inda ya gina agogon rana mai tsayin mita 27. Na tsaya a gindinsa, rana na dukan ƙeyata, ina kallon inuwa tana rarrafe a kan farin dutse. Da idonka kake ganin tana matsawa.

Hawa Mahal kuwa ya ɗan yaudare ni. Daga titi sai ka rantse ƙatuwar fada ce mai hawa biyar, da muka zaga ta baya muka hau, ashe saman siriri ne kamar bango. An gina shi a 1799 da ƙananan tagogi 953, domin matan gidan sarauta da ke cikin kulle su riƙa kallon titi ba tare da an gan su ba. Ƙanwata ta leƙa ta ɗaya, ta daɗe, sannan ta juyo.

"Yaya, da ni ce, a nan zan wuni. Ga iska, ga kallo."

Amber mun je washegari. Ɗakin madubai ya ƙayatar, amma cunkoso ya hana mu sakewa, giwayen da ke haurar da baƙi kuma tausayi suka ba ni.

Kasuwa ce ta ci mana rabin wuni. Mai adaidaita sahun da muka ɗauka muka ce ya kai mu kasuwar Johari Bazar, sai ya ajiye mu a shagon wani "ɗan'uwansa" mai sayar da duwatsun ado, yana jiran la'adarsa. Da ƙyar muka zame. A wani lungu na kasuwar Tripolia muka tarar da masu awarwaro suna narka wani irin ƙaro a kan garwashi, su murza shi, su lanƙwasa, su auna da hannun mai saye tun yana da ɗumi. Ƙanwata ta yi ta ciniki da yatsu har ta rage rufi ɗari, kuɗin Indiya.

Amma Bagru ne ya tsaya min a rai, wani gari mai nisan kusan kilomita 30. Tun daga bakin hanya warin baba ya tare mu, warin da duk wanda ya taɓa wucewa ta marina ya sani. A nan masu sana'ar suke buga zane a jikin yadi da hatimin katako. Wani dattijo ya tsoma hatiminsa cikin kwaɓin laka da ƙaro, ya ɗora, ya doka da gefen hannu, ya ɗaga, ya matsa gaba, ko kallon wurin ba ya yi. Yaronsa na bin sa yana barbaɗa garin katako. Idan ya bushe a tsoma a baba, inda laka ta rufe ya fito fari.

Ya miƙo min hatimin. Sau uku na buga, duka a karkace, na ukun ma ya hau kan na biyu. Dattijon ya yi dariya har da tari, ya ce wani abu da harshensu, yaron ya fassara: wai shi ma sai da ya shekara yana ɓata yadi. Na biya kuɗin ƙyallen, na ce a rina min shi haka. Bai gama bushewa ba muka naɗe shi, ya shuna wa ƙanwata farin mayafinta a cikin jaka.