Daga turmin kakata na gaji sana'ar zogale da yajin jego

Duk wanda ya shigo gidanmu a Tudun Wadan Zariya da hantsi, ƙamshin citta da kanumfari ne yake tarbarsa tun daga soro. A nan nake haɗa garin zogale, garin kuka, kayan zoɓo, kayan shayi da yajin jego, ni da mata uku da ke taya ni tsinta da daka. Sana'ar ta kakata ce, wadda muke kira Inna. A ɗakinta na cikin birni, wajen Ƙofar Gayan, na fara riƙe taɓarya tun tsayinta ya fi nawa.

Abu na farko da Inna ta koya mini shi ne shanya. Ba ta taɓa barin ganye ya kwana a jiƙe ba, kuma ba ta yarda rana ta taɓa shi. Wata rana na shimfiɗa zogale a tsakar gida don ya bushe da wuri in samu in tafi wasa. Da ta fito, sai ta ɗebo wanda ta shanya a rumfa, ta ajiye kusa da nawa a faifai ɗaya. Nata kore shar, nawa ya koɗe kamar ciyawar rani. Ta ce, "'Yar nan, wannan naki akuya ma sai ta yi tunani kafin ta ci." Sai da na girma na ji daga bakin masana abinci cewa zafin rana yana lalata sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A. Inna ba ta san sunan ba, amma idonta ya san launin.

Har yau haka muke yi. Zogalen da aka yanko da asuba ake kawo mini, mu zage shi daga itacen kafin ya yi laushi, mu wanke sau biyu, mu tsane a kwando, sannan mu baza shi siriri a kan raga cikin ɗaki mai iska. Lokacin hunturu kwana uku sun isa. Da damina sai an yi ta juyawa, domin ko ɗan danshi ya rage, hunhuna za ta kama shi, kuma ganyen da ya yi hunhuna zubarwa nake yi ko da buhu ne. Bayan daka, sau biyu muke tankaɗe, na biyun da rariya mai laushi, har sai garin ya zama in ka murza a yatsa ba ka jin tsinke ko ɗaya. Wannan gari yana da sinadarin ƙarfe mai taimakon jini, da kalsiyam, da furotin. Cokali ɗaya a kunun yaro ko a miyar mai shayarwa, bayan an sauke tukunya, abinci ne mai gina jiki. Haka nake faɗa wa kowa, abinci ne.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne masu kwaikwayo. Za a shanya ganye a bakin titi, ƙura da hayaƙin mota suna sauka a kai, a niƙa da itacensa duka, a ɗura a leda, a sayar rabin kuɗina. Sai mai saye ta zo ta ce, "Haba Hajiya, ai a Sabon Gari na gani da araha." Ba na musu. Ruwa nake zubawa a kofin gilashi biyu, in sa nawa a ɗaya, nata a ɗaya, mu jira. Yashin da zai kwanta a ƙasan kofin shi ke ba ta amsa. Araha dai ba ta ado.

Citta kuwa daga Kudancin Kaduna take zuwa, wajen Kachia, kuma ban ga mai yajinta ba. A daminar 2023 wata cuta ta afka wa gonakin citta a can, ta ruɓar da ita tun tana ƙasa, kuɗinta ya yi tashin gwauron zabi. A shekarar ce wani dillali da na daɗe ina hulɗa da shi ya aiko mini buhu biyu, sama kyakkyawa, ƙasa duk ƙwari sun huda ta zama gari. Na mayar masa, muka rabu. Wata biyu na yi ban sayar da kayan shayi ba, da dai in cuɗa garin masara in ƙara auki kamar yadda wasu suka yi. Tun daga nan ba na sayen niƙaƙƙiyar citta. Sai na karya ta da hannuna, na ga cikinta, na shinshina. Citta ta gari tana kwantar da tashin zuciya, tana sa abinci ya faɗa, kuma da sanyin Zariya kofin shayinta da zuma yana sassauta maƙogwaro. Zuma ma Alƙur'ani ya ambaci warakarta a Suratun Nahli, aya ta 69, amma kullum ina gargaɗin iyaye mata kada a lasa wa jaririn da bai cika shekara ɗaya ba.

Yajin jego shi ne abin alfaharina. Citta, masoro, kimba, kanumfari, barkono kaɗan da daddawa mai kyau, kowanne da awonsa. Kimba sai an gasa ta sama-sama an fitar da 'ya'yanta, in ba haka ba ɗaci zai rinjayi yajin. Kanumfari kuma ɗan kaɗan ake sawa, don in ya yi yawa sai ya danne ƙamshin kowa. A turmi muke daka shi, ba a inji ba, saboda injin unguwa da ya gama niƙa dawa da wake yana bar wa yaji warinsu, ga zafin ƙarfe da ke kashe ƙamshi. Idan uwar mai jego ta buɗe robar a gabana ta lumshe ido, na san aikin ya yi.

A nan ne na saɓa da Inna a abu ɗaya, Allah Ya jiƙanta. Ita ta yarda da kunun kanwa sosai, kwarya guda safe da yamma har a yi arba'in. Amma a nan garin namu, a shekarun 1970, likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello suka yi bincike kan matan da zuciyarsu ke kasawa bayan haihuwa, ƙafa ta kumbura, numfashi ya yi wuya. Sun danganta yawan abin da shan kanwa mai yawa, da wankan tafasasshen ruwa, da kwanciya a gadon ƙasa da ake hura wa wuta. Kanwa gishiri ce mai nauyi, tana tara ruwa a jiki. Shi ya sa ba na sa ta a yajina, gishiri ma ɗan taɓawa nake yi. Wata dattijuwa ta taɓa ce mini, "Ke 'yar yau, mu da muka haifi goma da kanwa fa?" Na ce, "Goggo, Allah ne Ya kiyaye ku, amma idan kika ga ƙafar mai jego ta kumbura tana haki, a kai ta asibitin Shika a ranar." Ta yi shiru, ta sayi roba biyu.

Zoɓo ma haka. Baƙin zoɓo mai kauri nake saya, mu tsince ƙasa da ƙaiƙayi da hannu. Bincike ya nuna yana ɗan sauke hawan jini, in ba a cika shi da sukari ba, amma ba ya maye gurbin ƙwayar da likita ya rubuta. Raina yana ɓaci idan na ji masu lasifika a tasha suna tallar kwalba ɗaya mai maganin basir, suga, hawan jini da rashin haihuwa gaba ɗaya. Su ne suke jawo mana zargi, mu da muke tsintar ganye ɗaya bayan ɗaya.

Yanzu hunturu ya kama, lokacin shanyar kuka ke nan. Ganyen da muka tara tun ƙarshen damina yana rataye a ɗaki, kuma ranar Asabar za mu fara daka. Masu bikin suna su riƙa faɗa mini da mako guda, domin yajin jego ba na ajiye tsoho, sai an nema nake dakawa.