Zaman Basakkwace a ƙasar masu farar giya

Karatun kimiyyar ƙasar noma ne ya kawo ni Faransa bayan na gama Jami'ar Usmanu Danfodiyo, aiki kuma ya zaunar da ni kusa da Kolmar, a yankin Alzas, bakin iyaka da Jamus. Sanyi da harshe duk na saba da su a hankali. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne a nan karramawar baƙo kofin farar giya ce. Inda mu za a tarbe ka da ƙwaryar fura a zaure, su kwalba doguwa siririya suke ɗaukowa, sai da aka sanyaya ta, mai gida yana murmushi don ya fito maka da mafi tsadar abin da yake da shi.

Da na faɗa wa Kawu ta waya, daga Sakkwato ya ce: "Ɗana, faɗa masu tun ranar farko, da sakin fuska, kada ka yi kwana-kwana." Haka na yi. Maƙwabcina, wani dattijo mai gonar inabi, bai ji haushi ba. Ya ce tunda ba zan sha ba, to in zo gona in ɗanɗana tun daga itacen.

Watan Satumba ne, kakarsu ke nan. Ya fara tsinko mini wani irin inabi da suke kira Riesling, 'ya'ya ƙanana masu kore-kore. Na tauna, tsaminsa ya ratsa mini haƙora kamar ɗanyar tsamiya, sannan zaƙi ya biyo baya a hankali, da ɗan ƙamshin lemun tsami da koren tuffa. Wannan tsamin shi ne abin alfaharinsu. Idan suna yabon giyarsu suka ce tana da kaifi, tana wartsake baki, shi suke nufi. Sai ya kai ni layin Gewürztraminer. Ɓawonsa ja-ja ne duk da farar giya ake yi da shi, don ruwan ciki kawai ake matsewa. Ban taɓa sanin ɗan itace zai iya ƙamshin furen wardi haka ba, har da wani ɗan yaji a ƙarshen harshe. Tsaminsa kaɗan ne, ƙamshin ne ya yi yawa, ko a teburi aka buɗe kwalbarsa daga nesa nake gane shi. Akwai Muscat kuma, wanda su kansu suke cewa giyarsa ce ta fi kama da ɗanyen inabi.

Ni da na karanci ƙasa, dalilin ne ya fi jan hankalina. Tsaunukan Vosges da ke yamma suna tare hadari, shi ya sa Kolmar take cikin garuruwan Faransa mafi ƙarancin ruwan sama, wajen milimita 600 a shekara, kusan abin da Sakkwato take samu a damina. Bambancin shi ne namu yana zuba cikin wata huɗu rana ta shanye, nasu yana rarrabuwa a shekara. Rana tana nunar da inabin, sanyin dare yana riƙe masa tsami da ƙamshi. Ƙasar ma iri-iri ce, wani gangaren dutse, wani farar ƙasa, wani yashi, kuma ɗanɗanon yana sauyawa daga gona zuwa gona. Manoman albasar bakin Gulbin Rima sun san wannan magana ba tare da an karantar da su ba. Kusan kashi 90 cikin 100 na giyar Alzas fara ce, kuma tun 1953 suka buɗe hanyar yawon buɗe ido mai tsawon kilomita 170 da ke ratsa ƙauyukan inabi.

An yi mini tayin aikin tsinka na kaka, kuɗinsa ba laifi ga mai neman abin biyan haya. Na ƙi, saboda hadisin da ya ambaci mai matsa giya da mai ɗaukarta, ba mai shanta kaɗai ba. Ban ji daɗin ganin dattijon yana neman hannu ina tsaye ba, sai na riƙa taya shi faskare da sharar ƙanƙara lokacin hunturu. Yanzu in na shiga gidansa, matarsa ruwan inabi zalla take zuba mini, wanda aka dafa aka rufe kafin ya tsimu, a kofi irin nasu.

Ga 'yan'uwa masu shirin zuwa, ku kula da abu ɗaya. A kaka ana sayar da wani ruwan inabi mai zaƙi wanda ba a tace ba, suna ce masa Neier Siasser. Ido zai ce maka ruwan 'ya'yan itace ne, amma ya riga ya fara tsima, sukarinsa yana juyewa giya kullum. Ko an ce maka ba shi da ƙarfi, kada ka karɓa. Ka nemi kwalbar da aka rubuta jus de raisin, wato ruwan inabi zalla da Faransanci, ka karanta da idonka.