In bashi ya fi ƙarfinka, kar ka kashe waya

Ina da ɗan kanti a Tudun Wadan Zariya, irin na cikin unguwa dai, shinkafa, taliya, manja, magi, sabulu da su omo, kuma kamar kowane mai kanti a garin nan ina da littafin bashi. Ni ma sunana yana cikin littafin wani Alhaji a kasuwar Sabon Gari inda nake saro kaya, don haka wannan magana daga ɓangare biyu nake yinta, ina bi kuma ana bina.

Duk wanda yake riƙe da irin wannan littafi a Zariya zai faɗa maka cewa sunayen cikinsa sun canza. Da can waɗanda ake rubutawa sanannu ne, yanzu kuwa har da malamin makaranta da ma'aikacin asibiti da ɗan fansho, mutanen da a da su ne suke taimakon wasu. Abin ya fara tun yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2022, wanda aka yi wata 8 daga Fabrairu zuwa Oktoba, aka riƙe albashin malamai, ɗalibai suka watse, kuma kowa ya san in jami'ar Ahmadu Bello ta rufe to Samaru da Kongo sun kwanta, mai abinci da mai fotokwafi da ɗan acaba da mai gidan haya duk sai da suka ji a jikinsu. Ba a gama farfaɗowa ba aka shiga wahalar canjin kuɗi a farkon 2023, sai kuma ranar 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin mai, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. An ƙara mafi ƙarancin albashi daga 30,000 zuwa 70,000 a Yulin 2024, toh amma raba 70,000 gida 30 ka gani, bai kai 2,400 a rana ba, ga mata ga yara ga kuɗin mota. Kuma wannan ma ga mai albashi ne, mai tura baro da mai sayar da awara babu wanda ya ƙara musu komai.

Shi yasa ni bana ganin laifin mutum don ya ci bashi a wannan zamani, Hausawa sun ce bashi hanji ne yana cikin kowa. Abin da yake damuna shi ne abin da mutane suke yi bayan bashin ya taru.

Ga yadda yake faruwa a gabana. Za a aiko yaro da kwano, yace wai inji Mama a bada gwangwani biyu na shinkafa da magin ɗari a rubuta, in rubuta. Gobe haka, jibi haka, shafi ya cika a juya wani. Wata ya ƙare ba a kawo komai ba, sai kaga yaron ya daina zuwa, maigidan da kullum yake tsayawa mu gaisa in ya dawo daga masallaci ya canza layi, in kuma kuɗi ya shigo hannunsa sai ya tafi wancan kantin na bayan layi ya saya da kuɗi hannu saboda yana jin nauyin haɗa ido da ni. Wallahi wannan ya fi rashin biyan ciwo, don na rasa kuɗina na rasa cinikinsa na kuma rasa zumuncin. Kuma na san ba mugunta bace, kunya ce. Amma kunyar bata rage ko kwabo daga abin da aka rubuta, sai dai ta sa mai bin bashi ya fara zargin an raina masa hankali ne, daga nan sai magana ta ɓaci, a kai ga mai unguwa ko kotu a kan abin da zama ɗaya zai warware.

Shawarata ta farko mai sauƙin faɗa ce, mai nauyin yi: ka samu takarda da biro ka rubuta duk wanda yake binka, kowa da kowa, mai kanti, mai kemis, mai gida, makarantar yara, zubin adashi, abokin aiki, har bashin katin waya. Mutane da yawa basu san jimillar abin da ake binsu ba, tsoron sanin suke yi. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, ƙarami ne ko babba, amma mu sai mu ce ai tsakaninmu akwai amana ba sai an rubuta ba. Kuma don Allah in kana da iyali ka zaunar da uwargida ta ga takardar nan. Sau da yawa maigida yana ɓoye nasa, ita ma tana ɓoye nata na atamfa da kayan kicin da ta ɗauka biya a hankali, gida ɗaya ana bin bashi ta ƙofa biyu kuma babu wanda ya san na ɗan'uwansa.

Bayan nan sai lissafin abin da yake shigowa da gaske, ba abin da kake fata ba. Mu ce misali mutum yana samun 80,000 a wata duka da ɗan buga-bugarsa. Abinci ya ci 45,000, kuma an matse ne sosai. Hayar gida 120,000 a shekara, wato 10,000 kowane wata, kuma nan ne mutane suke faɗawa rami, saboda a nan shekara-shekara ake biyan haya sai a manta da ita wata 11, a na 12 a tashi hankali a tafi neman rance. Kuɗin mota 8,000, wuta da ruwa da gawayi 7,000, makaranta da islamiyya 5,000. An tashi a 75,000, saura 5,000, ba a ma yi maganar zazzaɓin yaro ba. Toh wannan 5,000 ɗin ita ce gaskiyar abin da zaka iya biya a wata. In ka je kayi alƙawarin 20,000 don ka ji an daina kiranka yau, wata mai zuwa zaka saɓa, kuma saɓa alƙawari na biyu shi yake kashe yarda gaba ɗaya.

Abinci da wurin kwana da magani da jarin sana'a su ne a gaba, kafin kowane mai bin bashi, har da ni. Kar mai ɗinki ya sayar da kekensa, kar ɗan acaba ya jinginar da mashin don ya kashe bakin wanda ya fi kowa hayaniya, in abin neman ya tafi da me za a biya sauran? Abin da za a iya sayarwa shi ne wanda baya kawo komai, babbar waya a koma ƙarama, talabijin na biyu, irin waɗannan.

Sai zuwa wurin masu kuɗi, da ƙafarka, kafin su zo. Akwai wani dattijo maƙwabcinmu da bana mantawa da yadda yayi. Ya bari sai bayan isha'i da mutane suka ragu, ya zauna a bencin gaban kanti yace, "Malam, na zo ne kan lissafinmu. Na san ya yi yawa, kuma ba zan maka ƙarya ba bani da halin biya gaba ɗaya. Duk ranar Juma'a zan kawo maka dubu ɗaya, abin da zamu saya daga yau kuma da kuɗi hannu zamu saya, a nan wurinka." Nace, "Baba, ai da ka aiko ma ni zan zo." Muka buɗe littafi tare muka ja layi a ƙarƙashin jimilla, ya sa hannu. Wata Juma'ar ɗari biyar yake kawowa, ya faɗa min dalili, ban taɓa jin haushi ba. Mai bin bashi yafi son ɗan kaɗan da yake zuwa a kan lokaci da babban alƙawarin da baya zuwa, don shi ma yana da wanda zai je ya yiwa bayani, ni in na san dubu ɗaya tana zuwa duk mako na san abin da zan faɗawa Alhaji a Sabon Gari.

Wanda nake roƙon kowa ya nisanta shi ne bashin manhajojin waya ɗin nan da suke tura kuɗi cikin minti biyar. Ajiye maganar riba da haramcinta a gefe tukuna, wadda ita kaɗai ta isa, duba lissafin kawai. A ce ka karɓi 20,000 zaka biya 25,000 bayan mako biyu, ranar ta zo baka da shi sai ka karɓa a wata manhajar ka toshe wannan, a haka in kana juyawa duk mako biyu kana zubar da 5,000, cikin wata biyu ka biya 20,000 na ruwa kuma uwar kuɗin tana nan daram. Biyan bashi da bashi kamar ɗibar ruwa da kwando ne. Wasu daga cikinsu kuma in ka makara sai su bi lambobin da ke wayarka suna turawa surukai da abokan aiki saƙon cin mutunci. Wannan ba hakkinsu bane. Hukumar kare masu sayayya ta tarayya, FCCPC, ta fitar da ƙa'idoji tun 2022 cewa dole masu bada bashi ta intanet suyi rajista da ita, kuma tana karɓar ƙorafi a kan masu tozarta mutane. A 2023 Google ya hana irin waɗannan manhajoji shiga lambobi da hotunan wayar mutum, a shekarar ne kuma aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a. In an maka haka ka ɗauki hoton saƙonnin ka ajiye, ka kai ƙara, kuma ka riga su faɗawa iyalinka gaskiya, barazanar tasu duk a kan tsoron tonon asiri take tsaye.

Wanda kuma ya ci bashin banki ya sani canza banki baya ɓoye shi. Tun Agustan 2020 Babban Bankin Najeriya ya kawo tsarin da ake kira GSI, in ka sa hannu a kansa lokacin karɓar rance to bankin zai iya cire kuɗinsa daga duk wani asusu da yake haɗe da BVN ɗinka. Gara ka shiga ka nemi jami'in da ya baka rancen, ka rubuta takarda kana neman a tsawaita lokaci a rage abin da ake cira duk wata. Haka kuma a yi hattara da tsayawa wani, in ya gudu kai za a riƙe.

Akwai wani abu kuma da talakawa da yawa basu sani ba, shi yasa ake tsorata su. Bashi tsakanin mutum da mutum ba laifin da ake kulle mutum a kansa bane in babu damfara a ciki. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum don kawai ya kasa cika yarjejeniya irin ta kuɗi, ta kuma hana a kama ɗan'uwa ko mata a madadin wanda ake nema. Wurin wannan magana sulhu ne, wajen liman ko mai unguwa ko dattawan kasuwa, in ya gagara sai kotu. Ba ina faɗa bane don wani ya samu ƙofar cinye hakkin mutane, hadisi ya tabbata cewa jinkirin mai hali zalunci ne, kuma ko shahidi ana yafe masa komai banda bashi. Ina faɗa ne don kar tsoro ya tura mutum ga mai bada kuɗi da ruwa.

Maganar biki da suna da anko ba sai na tsawaita ba, kowa ya san nawa suke ci. In ana binka bashi ka je ɗaurin aure kayi addu'a ka dawo, Hajiya ta sa atamfar da take da ita. Adashi kuma yana da amfani sosai musamman don tara kuɗin haya ko sayen buhun masara da kaka lokacin da take araha, amma a tuna wanda ya kwashi farko bashi ya ci, kuma shiga adashi uku a lokaci ɗaya da samu ɗaya shi ne yake jefa mata da yawa cikin rigima.

Mu kuma masu bi, akwai namu. Aya ta 280 a Baƙara ta ce in wanda ake bi yana cikin ƙunci a jira shi har ya samu sauƙi, in an yafe kuma shi yafi alheri. Na san jari ƙarami ne, ba kowa zai iya yafewa ba, ni ma ba kowanne nake iyawa ba. Amma ana iya daina yiwa mutum magana a gaban jama'a, ana iya daina faɗawa yaron da aka aiko baƙar magana, shi bai ci bashin kowa ba. Masu fitar da zakka kuma su tuna cewa cikin mutum takwas da aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa akwai waɗanda bashi ya yiwa katutu. Irin waɗannan basa zuwa layin karɓar zakka a ƙofar gida, da rigarsu mai guga zaka gansu a sahun gaba. Wanda yake son ya same su ya tambayi limamin unguwa ko mai kanti ko mai kemis a asirce, ya biya abin da aka rubuta, a ja layi a shafin ba tare da an kira sunan kowa ba.