Talata, ni da Baba Idi kan naitirojin

Da safe gyaran firij mai gas ɗin R600a. Sani, da muke aikin tare, ya ɗauko wutar walda tun ba mu tabbatar gas ya fita duka ba, na riƙe masa hannu. Wannan gas ɗin yana kamawa da wuta kamar na girki. Ya ji, ya ajiye.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganar Baba Idi da rana. Ya same ni ina haɗa bututun jan ƙarfe na wata na'urar sanyaya ɗaki, na saki naitirojin kaɗan-kaɗan yana bi ta ciki. Ya tsaya yana kallo, ya ce, “Kai dai da ɓata lokaci. Tun ba a haife ka ba nake walda, ban taɓa sa wannan ba.”

Na ce, “Baba, ku gafarce ni, gas ɗin zamaninku R22 ne. Wannan na'urar mai R410A ce, man da ke cikinta daban ne.”

Ya ce walda walda ce. Na so in yi masa bayani sosai, amma ga mai kaya a tsaye, sai na yi shiru. To a nan zan faɗa. Idan jan ƙarfe ya yi zafin da sandar walda za ta narke, sama da digiri 600 na Selsiyus, iskar da ke cikin bututun tana haifar da baƙin ɓawo a bangonsa; naitirojin ne ke korar iskar don kada ɓawon ya fito. Daga waje haɗin ya yi kyau, ruwan sabulu bai nuna yoyo ba, kowa ya tafi. Amma man sababbin na'urori yana kankare ɓawon nan, ya kai shi matacin gas ko siririn bututu ya toshe. Bayan wata biyu sanyi ya ɗauke, a ce kwamfuresa, injin da ke tura gas ɗin, ce ba ta da kyau. Wannan man kuma yana shan laima, shi ya sa ba na cire injin zuƙe iska sai geji ya sauka 500 maikiron, wato iska da laima sun fita sosai.

Baba Idi ne ya koya mini a zafafa bututu, shi ya narkar da sanda, ba harshen wuta ba. Hannunsa har yau ya fi nawa. Shi ya sa abin ya dame ni.

Na yanko guntaye biyu, ɗaya an yi masa walda da naitirojin ɗaya babu, na tsaga su. Gobe zan kai masa lokacin da babu kowa a wurin.

Bayana na ciwo. Sandunan walda na azurfa sun kusa ƙarewa.