Tsohuwar Marsandi ko Range: kuɗin saye daban, kuɗin riƙo daban

Duk wanda ya taɓa zagaya wajen masu saida motoci a Kano ko Abuja ya san yadda abin yake, ka shiga da niyyar Corolla sai idonka ya faɗa kan wata Marsandi C300 ko Range Rover tana ta ƙyalli, ka tambayi kuɗi ka ji tazarar ba wani yawa, wani lokacin ma Corolla mai lafiya ta fi tsohuwar BMW tsada. Nan dillali zai fara aikinsa, Alhaji ai wannan ce daidai kai, ko noti ɗaya ba a taɓa kwance mata ba.

Abin da ba zai gaya maka ba shi ne dalilin arahar. Kuɗin motar ne ya faɗi, kayan gyaranta kam suna nan a farashin motar manya, kuma da dala ake shigo da su. Tun da aka saki naira a 2023, dalar da take ɗari huɗu da wani abu a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024, ga tallafin mai da aka cire ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 sai da ta wuce dubu. To ka ɗauko mota mai babban injin V8 a wannan yanayi ka shiga cunkoso da esi a kunne, wallahi kana kallon allurar mai tana sauka.

Ɗauki juyen baƙin mai kawai, C300 tana cin kusan lita 8 kuma mai kyau take so, Corolla lita huɗu da ɗan wani abu ta gama. Ita C300 ɗin ta 2008 zuwa 2014 an santa da matsalar makullin sitiyari, ka tashi da safe ka sa makulli ta yi maka shiru kamar ba ta sanka ba, kuma ba aikin kowane rewaya ba ne, sai mai kwamfuta. Range kuma matsalarta balan-balan ɗin iskar da ke ɗaga ƙafafunta ne, ka ajiye ta da daddare a tsaye ka wayi gari ta durƙusa, shi ya sa da yawa suke cirewa su sa sifirin, to in ka yi haka kuma laushin da ka biya kuɗi dominsa ya tafi.

Ni a ganina babbar matsalar ma ba kuɗin ba ce, bakanike ne. Wanda ya saba da Toyota zai yi ta canza maka kaya yana gwaji da aljihunka, yau sensa gobe famfon mai, ka je kasuwar kayan gyara ta Kofar Ruwa ko Panteka a ce babu sai an aiko daga Ladipo ta Legas, mota ta kwana biyu a gareji kai kana hawan adaidaita da makullin Marsandi a aljihu.

Shi ya sa in mutum ya dage sai babbar mota nake cewa ya duba Lexus, ES350 ko RX350, injinsu iri ɗaya ne da na Camry mai V6 da Highlander, kaya na nan ko'ina kuma in ka tashi saidawa ba ka shan wahalar mai saye. Ba ta kai Marsandi daɗin tuƙi ba, wannan gaskiya ne, masu Marsandi ku yi haƙuri ban ce ku saida taku ba.

Kafin ka biya dai ka je da naka bakaniken ba na dillali ba, a sa mata kwamfuta, a leƙa ƙasa a ga ko indomi ɗinta, wato abin tace hayaƙin da ke jikin salansa, na nan don ana yankewa a saida, a bincika lambar VIN, wato lambar shaidar da ke jikin motar, saboda da yawa daga gwanjon Amurka suke zuwa bayan hatsari ko ambaliya, sannan takardun kwastan su zama na gaske. In kuma kuɗin hannunka iya na sayen ne cif, babu ragowar gyaran farko da tayoyi, ka koma wajen Corollar nan.